DARIYA A GABAN SARKI: KO YA DACE KIRISTA YA YI WA MAI MULKI BA'A?

Da wuya a sami wani a cikinmu da bai taɓa yi wa wani shugaba dariya ba. Mukan ji labarin ban dariya a tashar mota ko a bakin kasuwa, mukan ga zane a jarida inda aka yi wa wani babba tumbi kamar randa, mukan kalli wasan kwaikwayo inda ake kwaikwayon muryarsa da tafiyarsa. Yanzu kuma wayar hannu ta kawo irin waɗannan abubuwa har cikin ɗakunanmu. Mukan yi dariya har da hawaye, musamman sa'ad da rayuwa ta yi tsanani, abinci ya yi tsada, albashi kuma bai zo ba. Amma mai bi na ƙwarai yakan tsaya daga baya ya tambayi kansa, ko wannan dariya ta dace da wanda aka yi wa baftisma.

Tambayar tana da nauyi, gama Ikkilisiya ta koya mana cewa doka ta huɗu, wadda ta umarce mu mu girmama iyaye, ta haɗa har da shugabannin ƙasa. Manzo Bulus ya gargaɗi Kiristocin Roma su yi wa mahukunta biyayya, Dokar Musa kuma ta hana zagin shugaban jama'a. To, ina matsayin mai barkwanci, da mai zane, da mai habaici? Amsarmu ita ce, akwai dariyar da take yi wa gaskiya hidima, har wasu bayin Allah sun rasa ransu a kanta, akwai kuma dariyar da take share wa kisan kai hanya. Da baki ɗaya ake yin su duka biyun, sautinsu kuma iri ɗaya ne, saboda haka wajibi ne mu koyi rarrabe su.

FADAN DA AKA KASHE SABODA LABARIN BAN DARIYA

Bari mu fara da abin da ya faru a ƙasar Jamus a zamanin mulkin Hitila. Fada Joseph Muller firist ne na Dayosis ɗin Hildesheim. An haife shi a 1894, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka keɓe shi firist a 1922. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yana kiwon garken Allah a wani ƙauye mai suna Gross Dungen, sai ya ba da wani labari da jama'a ke yi wa juna raɗarsa a lokacin.

Ga yadda labarin yake. Wani soja ya ji mummunan rauni a fagen fama, yana bakin mutuwa, sai ya roƙa a nuna masa waɗanda zai mutu dominsu. Aka kawo hoton Hitila aka ajiye a gefensa ɗaya, aka kawo na Goring, babban na hannun daman Hitila, aka ajiye a ɗaya gefen. Sojan ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce yanzu kam zai mutu kamar yadda Yesu ya mutu.

Iyakar labarin ke nan. Ba a zagi kowa a cikinsa ba, ba a kuma ambaci ɓarawo ba. Mai sauraro ne da kansa zai tuna da waɗanda aka gicciye a dama da hagun Ubangijinmu. Duk da haka aka kai ƙarar Fada Muller, 'yan sandan ciki suka kama shi. Aka matsa masa ya faɗi wanda ya ba shi labarin, ya ƙi, domin ya san abin da zai sami mutumin. A watan Yuli na 1944 aka gurfanar da shi a gaban kotun da 'yan Nazi suka kira Kotun Jama'a, ƙarƙashin alƙali Roland Freisler, aka yanke masa hukuncin kisa bisa zargin karya wa sojoji gwiwa. Ran 11 ga Satumba, 1944, aka fille masa kai a kurkukun Brandenburg, yana da shekara 50.

Mu lura da abu guda. Gwamnatin da ta yi wannan tana da miliyoyin sojoji, da jiragen yaƙi, da gidajen rediyo, da kurkuku a ko'ina. Tun watan Disamba na 1934 ta kafa dokar hukunta duk maganar da ta ɗauka ɓatanci ce ga gwamnati ko jam'iyya. A 1935 ta rufe wani gidan barkwanci a Barlin, ta aika da shugabansa Werner Finck sansanin tsare mutane. Me irin wannan gwamnati take tsoro a bakin firist na ƙauye?

ABIN DA MAI ZALUNCI YAKE TSORO

Mulkin zalunci yana tsaye a kan ƙafa biyu: tsoro, da kuma ƙaryar cewa mai mulki ya fi ƙarfin ɗan adam. Dariya tana sare ƙafafun nan duka biyu. Wanda ya yi wa azzalumi dariya ya daina tsoronsa, ko da na minti ɗaya ne. Sa'ad da mutum biyu suka yi dariyar tare kuma, kowannensu ya gane cewa ba shi kaɗai yake ganin abin da yake gani ba. Azzalumi yana iya amsa hujja da hujjar ƙarya, yana iya amsa bindiga da bindiga, amma ba shi da amsar dariya. In ya yi shiru ta yaɗu, in ya husata ya tabbatar da ita. Dole alƙalin Fada Muller ya ƙarasa labarin a zuciyarsa kafin ya ga laifi a cikinsa, wato shi da kansa ya san su wane ne ɓarayin. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

An ga irin haka a Faransa. A 1831 wani mai jarida, Charles Philipon, ya tsaya a kotu bisa zargin wulakanta Sarki Louis-Philippe. Sai ya zana fuskar sarkin sau huɗu, kowane zane yana ƙara kama da wani ɗan itace mai ƙaramin kai da faɗin gindi, ya tambaya ko za a hukunta duk mai zana ɗan itacen nan. Bai tsira daga hukunci ba, amma ba da daɗewa ba zanen ɗan itacen ya cika bangayen Paris. A 1832 aka ɗaure abokin aikinsa Honoré Daumier wata shida, domin ya zana sarkin a matsayin ƙaton mahaɗiyi da ake ɗura wa dukiyar talakawa a baki. A 1835 aka kafa dokar da ta hana buga kowane zane sai da izinin hukuma. Sarkin ya rasa gadonsa a 1848.

Kakanninmu a ƙasar Hausa sun san wani abu game da wannan. A fadar sarki akan sami wawan sarki, wanda aka yarje masa ya faɗi abin da waziri ba zai iya faɗa ba. Sarki mai hikima yakan bar shi, domin ya san fadar da babu kowa cikinta sai masu cewa "Ranka ya daɗe, gaskiya ne" fada ce mai hatsari. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba mu labarin Sarki Hirudus Agaribas, wanda ya yi jawabi, taro suka yi ta ihu suna cewa muryarsa ta allah ce. Ya karɓi yabon, ya mutu mutuwar wulakanci. Da a ce akwai mutum ɗaya a taron nan da ya yi dariya, da ya fi dukan masu yabon yi wa sarkin alheri.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA MANA

Wanda yake tsammani gatse da habaici baƙi ne ga bangaskiyarmu, ya buɗe Littafin Mahukunta sura ta 9. Abimelek ya kashe 'yan'uwansa saba'in domin ya zama sarki a Shekem. Yotam, autansu da ya tsira, ba shi da soja ko ɗaya. Ya hau Dutsen Gerizim ya ba mutanen garin tatsuniya: itatuwa sun fita neman sarki, zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, domin kowannensu yana da aiki mai amfani da yake yi. Sai itacen ƙaya ya karɓa, har yana gayyatar sauran su zo su sha inuwarsa. Duk wanda ya taɓa neman inuwa a ƙarƙashin ƙaya ya san inda dariyar take. Bayan shekara uku mulkin Abimelek ya wargaje.

Annabi Natan ya bi da Sarki Dawuda ta irin wannan hanya. Bai shiga fada da zargi ba. Ya kawo labarin attajiri mai garkuna da yawa wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci, ya bar Dawuda ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya nuna masa cewa kansa ya hukunta. Annabi Iliya kuwa, a kan Dutsen Karmel, ya yi wa annabawan Ba'al 450 ba'a a fili, yana ba su shawara su ƙara ɗaga murya ko allahnsu barci yake yi. Annabawan nan 'yan fada ne, Sarauniya Yezebel ce take riƙe da addininsu. Ubangijinmu Yesu ma, da aka kawo masa labari cewa Hirudus yana neman kashe shi, ya kamanta shi da yanyawa, ƙaramar dabba mai wayo, ya ci gaba da aikinsa. Zabura ta biyu ta nuna mana Allah kansa yana dariyar sarakunan da suke ƙulla masa makirci.

Tsarkaka sun bi wannan sawu. A shekara ta 258, a zamanin Sarki Valerian, aka umarci Waliyyi Lawrence, dikon na Roma, ya miƙa dukiyar Ikkilisiya. Bisa ga abin da aka gada, ya tara makafi da guragu da gwauraye ya kawo su gaban hakimi, ya ce ga dukiyar. Muna tunawa da shahadarsa ran 10 ga Agusta, masu barkwanci kuma sun riƙe shi a matsayin waliyyinsu. Waliyyi Thomas More, wanda Sarki Henry na Takwas na Ingila ya sa aka fille wa kai ran 6 ga Yuli, 1535, sananne ne da raha har a gaban mai kisa. A gidansa ne abokinsa Erasmus, wanda shi ma firist ne, ya rubuta littafin yabon wauta da aka buga a 1511, inda ya caccaki sarakuna, bai kuma ƙyale bishop-bishop da paparoma ba. A shekara ta 2000 Paparoma John Paul na Biyu ya ba da Thomas More ya zama waliyyin 'yan siyasa da masu mulki.

ƊAYAR DARIYAR

Amma a cikin Linjila akwai wata dariya dabam, wadda muke ji kowace Jumma'a Mai Kyau. Sojojin Bilatus sun yafa wa Yesu jar alkyabba, suka sa masa rawanin ƙaya, suka durƙusa a gabansa suna gaisuwar sarauta, suna tofa masa yau. Wannan ma wasan kwaikwayo ne, wannan ma barkwancin siyasa ne, masu yinsa kuma sun ji daɗinsa. Bambancin shi ne, masu makami ne suke yi wa ɗaurarre dariya.

Gwamnatin da ta kashe Fada Muller ba ta ƙi dariya ba, ta ƙi dai a yi mata. Jaridar Der Stürmer ta Julius Streicher, wadda ta fara fita a 1923, ta yi shekara fiye da ashirin tana zana Yahudawa da kamannin ƙwari da macizai, domin mai karatu ya yi dariya ya kuma saba da ganinsu ba mutane ba. Kotun Nuremberg ta yanke wa Streicher hukuncin rataya a 1946. A nahiyarmu ma mun ga haka. A Ruwanda, jaridar Kangura da ta fara a 1990, da gidan rediyon RTLM da ya fara a 1993, sun yi amfani da zane-zane, da kiɗa, da raha mai jan hankalin samari, suna kiran 'yan Tutsi kyankyasai. Daga Afrilu zuwa Yuli na 1994 aka kashe mutum wajen 800,000. A watan Disamba na 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta sami shugabannin jaridar da rediyon da laifi. Kada mu manta, 'yan'uwa, yawancin waɗanda suka saurari rediyon nan suna dariya Kiristoci ne, da yawansu kuma 'yan Katolika ne kamarmu.

Ko a gida, mun san ba kowane zambo ne yake tsaya wa talaka ba. Makaɗin fada yakan yi wa abokin hamayyar ubangidansa zambo domin a ba shi riga da doki. Irin wannan maroƙi yana nan har yau, sai dai ya sake tufafi, yana karɓar kuɗin wannan ɗan siyasa domin ya mai da wancan abin dariya.

MA'AUNIN DA ZA MU RIƘE

Waliyyi Thomas Aquinas, babban malamin Ikkilisiya na ƙarni na 13, ya koyar cewa kamar yadda jiki yake bukatar hutu, haka rai yake bukatar raha, har ya lissafta rashin fara'a gaba ɗaya cikin aibobi. Shi ne kuma ya koyar cewa ba'ar da ake yi domin a kunyata mutum zunubi ne, mafi muninta kuwa ita ce wadda aka yi wa Allah, sai ta iyaye, sai ta masu adalci. Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya riƙe gefen nan biyu. Ya ce ɗan ƙasa yana da iko, wani lokaci ma wajibi ne a kansa, ya soki abin da yake cutar da mutuncin mutane da amfanin jama'a. Ya kuma sa gatsen da ake yi da mugun nufi domin ƙasƙantar da mutum cikin laifofin da suka saɓa wa doka ta takwas. Daga nan za mu iya fitar da tambayoyi uku, mu yi wa kanmu kafin mu yi dariya, balle mu tura wa wani.

Ta fari, gaskiya ce? Mai zane yana da izini ya ƙara wa hanci tsawo, gama kowa ya san ƙari ne. Ba shi da izini ya ƙaga laifin da ba a yi ba. Ƙarya ba ta zama halal don an naɗe ta da wasa, kuma shugaba ma maƙwabcinmu ne da doka ta takwas ta kare.

Ta biyu, wa ake yi wa dariyar, kuma a kan me? Idan ana dariyar satar mai mulki, da girman kansa, da alkawaransa da ba ya cikawa, wannan aikinsa ne da ya ɗauka a gaban jama'a. Idan kuwa ana dariyar ƙabilarsa, ko harshensa, ko ciwonsa, ko matarsa da 'ya'yansa, to, an bar mai mulki an koma kan mutanen da ba su ci ba su sha ba. Haka nan yi wa abin da maƙwabcinmu yake riƙe da tsarki ba'a ba ƙalubalantar mulki ba ne. Mu da muke cin kasuwa ɗaya, muke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi, mun san magana zarar bunu ce. Da ƙarfi ɗaya kuma muke cewa babu wata magana, kome ɗacinta, da ta ba wani izinin zub da jinin mai faɗinta.

Ta uku, me muke nema? Natan ya nemi Dawuda ya tuba, Dawuda kuwa ya tuba. Idan muna iya yi wa shugaba dariya da safe, mu kuma yi masa addu'a da zuciya ɗaya a Mas, dariyarmu lafiyayya ce. Idan addu'ar ta maƙale a wuya, ƙiyayya ta riga ta shiga. Marigayi Paparoma Francis, da ya karɓi masu barkwanci fiye da ɗari a Vatican ran 14 ga Yuni, 2024, ya yaba wa aikinsu, ya kuma tuna musu cewa raha ta gaskiya ba ta wulakanta mutum.

Ma'aunin nan ya hau kan masu riƙe da iko a cikinmu ma. Fada, da katekis, da shugaban kwamitin coci, da shugabar zumuntar mata, da maigida a gidansa, kowa yana da 'yar sarautarsa. Wanda ba ya jure wa a yi masa wasa ko kaɗan, ya binciki zuciyarsa, kada ya zama yana kiwon ƙaramin Hirudus a ciki.

DARIYA KAƊAI BA TA ISA BA

Saura gargaɗi ɗaya. A 1940 Charlie Chaplin ya fitar da fim ɗinsa na kwaikwayon Hitila, duniya ta yi dariya, yaƙi kuwa ya ci gaba har 1945. Chaplin da kansa ya rubuta a 1964 cewa da ya san ainihin abin da ake yi a sansanonin 'yan Nazi, da bai iya yin fim ɗin ba. Jamusawa da yawa sun yi ta raɗar labaran ban dariya da dare, da safe kuma su koma su yi abin da aka umarce su. Dariya tana iya zama kamar maganin rage zafi, wanda yake sa majinyaci ya ƙi zuwa asibiti. Tana kuma iya koya mana cewa dukan shugabanni ɗaya ne, babu abin da zai sake, wannan kuwa fid da zuciya ne, ba halin Kirista ba.

Abin da ya ba labarin Fada Muller daraja shi ne abin da ya biyo bayan dariyar, wato ya ƙi ba da sunan ɗan'uwansa, ya ɗauki hukuncin shi kaɗai. Saboda haka wanda ya yi dariyar mai cin hanci, kada ya ba da hanci, kada kuma ya karɓa. Wanda ya yi dariyar mai sayen ƙuri'a, kada ya sayar da tasa a kan mudun shinkafa. Idan aka kama mai zane ko mai barkwanci domin ya faɗi gaskiya, mu da muka ji daɗin aikinsa kada mu yi kamar ba mu san shi ba.

Allah ya ba shugabanninmu tawali'un Dawuda, su ji gaskiya ko ta wace ƙofa ta shigo. Ya ba masu barkwancinmu hikimar Natan da tsoron Allah. Mu kuma ya tsare bakinmu, kada a same mu cikin masu saƙa rawanin ƙaya. Waliyyi Lawrence da Waliyyi Thomas More, ku yi addu'a dominmu. Amin.